Wuta a ƙarƙashin ƙanƙara: abin da aka tattauna kan tsibirin Heard

Nura mai caji: Salamu alaikum jama'a. Wani yaro da ya kawo caji ne ya nuna min hoton nan a wayarsa, na ce ya turo min. Dutse ne fari fat da ƙanƙara, ga kuma wani jan layi kamar garwashi yana gangarowa daga samansa. Wai daga tauraron ɗan'adam aka ɗauka. Ni dai zuciyata ba ta yarda ba, na fi zaton irin hotunan nan ne da ake haɗawa da kwamfuta. Ta yaya wuta za ta zauna a kan ƙanƙara ba ɗayar da ta kashe 'yar'uwarta? Malam Habu kana kusa?

Kawu Isa: Wa alaikumus salam. Nura ka yi gaskiya. Ƙanƙarar da muke saya da azumi kafin ka kawo ta gida daga bakin titi ta zama ruwa, balle a ce an ɗora mata wuta.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ina nan, yanzu na taso daga makaranta. Nura, ba zan iya rantse maka a kan wannan hoton ba tunda ban san daga inda ya fito ba, amma wurin gaskiya ne, kuma abin da hoton ya nuna yana faruwa. Sunansa tsibirin Heard, can ƙarshen kudancin tekun Indiya, hanyar Antaktika. Ƙasar Ostireliya ce ke da shi tun 1947, duk da cewa daga birnin Perth zuwa can ya kai kilomita 4,000. Babu tashar jirgin ruwa, babu filin jirgin sama, babu mutum ko ɗaya da ke zaune a kai. Wanda zai je sai ya yi wajen mako biyu a teku, tekun da ya fi kowanne hauka. Tsawon tsibirin wajen kilomita 40 ne, ka ce daga Dutse zuwa Birnin Kudu. Kusan duk tsibirin dutse ɗaya ne mai aman wuta da ake kira Big Ben, ƙololuwarsa kuma Mawson, mita 2,745. Ya fi Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsayi a Najeriya da mita 2,419.

Lami nas: Ba shi ne wanda aka yi ta magana a rediyo ba, da Trump ya sa wa haraji?

Malam Habu: Shi ne, Hajiya. A watan Afrilun 2025, da ya fitar da jerin ƙasashen da ya sa wa haraji, aka ga Heard da maƙwabcinsa McDonald a ciki, kashi 10, alhali tsuntsaye da dabbobin ruwa ne kawai a wurin. Abin da ya dame ni a lokacin shi ne duniya ta yi dariyarta ta wuce, ba wanda ya tsaya ya tambayi wane irin wuri ne. Ni kuwa shekara nawa ina zana wa yara dutse mai aman wuta a allo, ban taɓa samun misalin da ya kai wannan kama hankali ba.

Kawu Isa: To Malam ba ka amsa tambayar ba. Me ya hana ƙanƙarar narkewa?

Rabi: Kawu ina wuni. Malam, in ka ba ni izini in ɗan sa baki, don zangon da ya wuce muka yi wannan darasin.

Malam Habu: Bismillah Rabi. Ai yanzu ke ce a bakin rijiyar, mu da tsohon guga muke ja.

Rabi: Tana narkewa Kawu, amma iya inda wutar ta taɓa. Narkakken dutsen da ke fitowa zafinsa ya haura digiri 1,000. Sai dai da ya haɗu da iska mai sanyi, samansa yake yin ɓawo nan da nan, kamar yadda tuwo ke yin fata in an kwashe shi an bari, ciki da zafi waje ya huce. Wannan ɓawon yana tsare zafin a ciki. Sannan bakin da wutar ke fitowa ƙarami ne idan aka gwada shi da girman dutsen, wanda faɗin gindinsa ya kai wajen kilomita 20. Ka ɗauka ka ajiye garwashi ɗaya a kan dutsen ƙanƙara mai girman rumbu. Zai huda rami, zai yi tururi, amma rumbun na nan. Kuma a can kusan kullum sabuwar ƙanƙara na sauka daga sama, abin da ya narke yau gobe an mayar. Jan layin da Yaya Nura ya gani yawanci ta gefen kudu maso yamma yake gangarowa, ya yanka hanya a kan ƙanƙarar, in ya huce ya bar baƙin zane.

Kawu Isa: To 'yata na ɗan gane. Amma wutar daga ina take samun itace? Wuta ai sai da abin ci.

Garba Riruwai: Wannan ita ce tambayar da ni ma zan yi.

Rabi: Ba ci take yi ba Kawu, ba irin wutar murhu ba ce. Ku tuna ƙarfe a maƙera. In ya yi ja ba ƙonewa yake ba, zafi ne ya yi masa yawa har ya yi laushi. Can cikin ƙasa akwai zafin da ya rage tun farkon halittarta, da wanda wasu sinadarai ke fitarwa a hankali. A wasu wurare dutse mai zafi yana tasowa daga can ƙasa sannu sannu, in ya kusa sama nauyin da ke danne shi ya ragu, sai wani ɓangarensa ya narke ya nemi hanyar fita. Malamanmu suna kwatanta wurin da murhu a ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya mutuwa. Wanda ke ƙarƙashin Heard ana danganta shi da sunan Kerguelen, wasu tsibiran Faransa da ke arewa maso yamma da shi. Wannan murhun ya haura shekara miliyan 100 yana aiki. Abin da ya amayar ya taru a ƙarƙashin teku ya zama tudu ɗaya wanda faɗinsa ya fi Najeriya gaba ɗaya. Heard ɗan kan da ya leƙo sama ne kawai, kamar kan kada a ruwa.

Malam Habu: In ƙara a kan wannan. Ɓawon ƙasa ba guda ɗaya ba ne, gutsattsari ne manya kamar fasasshiyar ƙwarya da aka jera, kuma suna motsi, 'yan santimita a shekara. Lokacin da ɓangaren da ke ɗauke da Indiya ke tafiya arewa, ya bi ta kan wannan murhun, sai ya bar jerin duwatsu a ƙarƙashin teku, miƙaƙƙe, tsawonsa wajen kilomita 5,000. Kamar ka ja tabarma a hankali ta kan fitila, ƙunar za ta fito a layi. Shi kuwa Heard yana kan ɓangaren Antaktika ne, wanda da kyar yake motsawa, shi ya sa tukunyar ta daɗe a kan murhu ɗaya.

Sabo ɗan Baba Ɗanlami: Baba ne ya ce in rubuta masa, na karanta masa duka. Ya ce a gaida Malam da Rabi 'yar Malam Audu. Ya ce shi shekararsa 40 da wani abu yana haƙar rijiya daga nan har ƙasar Ningi, kuma abin da ya sani ƙasa hawa hawa ce. Sama jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai yashi yashi inda ruwa ke zama, sai uwar dutse wadda diga ba ta cin ta. Ya ce in da gaske waɗannan mutanen sun san tarihin wurin, su gaya masa hawan da ke ƙarƙashin wancan dutsen, don wanda bai ga hawa ba bai san ƙasa ba.

Rabi: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi tambayarka ita ce karatun namu gaba ɗaya, mu ma hawa muke karantawa. A Heard ba sai an haƙa ba, teku da ƙanƙara sun yanke gefen tsibirin sun bar hawan a fili kamar bangon rijiya. Hawa uku ne manya.

Na can ƙasa farin dutse ne, irin wanda ake siminti da shi a Ashaka da Kalambaina ta Sakkwato. Ana ganinsa a wani hancin ƙasa da ke arewa maso yammacin tsibirin, Laurens. Wannan dutsen ba wuta ce ta yi shi ba. Ɓawon wasu ƙananan halittun teku ne da ido ba ya gani sosai, suna mutuwa suna sauka ƙasan ruwa, suka taru suka daskare, wajen shekara miliyan 40 da suka wuce. Ma'ana wurin da dutsen yake tsaye yanzu a da ƙasan teku ne.

Na tsakiya shi ya fi ba ni sha'awa. Cakuɗe ne na tsakuwa da toka da ɓaraguzan dutsen wuta, da laka irin wadda ƙanƙara ke niƙawa ta bari. A cikinsa akwai duwatsu dunƙule dunƙule kamar manyan curin fura da aka jibga. Narkakken dutse ba ya yin wannan siffar sai in a cikin ruwa ko ƙarƙashin ƙanƙara ya fito, ruwan ya daskarar da fatarsa nan take, ya kumbura ya tsinke, wani ya biyo. To Kawu ka ga faɗan wuta da ƙanƙara a wurin ba yau aka fara ba, shaidarsa na cikin dutsen tun miliyoyin shekaru.

Na sama shi ne Big Ben kansa, baƙin dutse kwarara a kan kwarara. Shi yaro ne, bai kai shekara miliyan 1 ba. A wani zamani gefensa na kudu maso yamma ya zabtare ya faɗa wajen teku, ya bar wawakeken gurbi kamar kofaton doki, a cikin gurbin ne ƙololuwar Mawson ta tsiro, ita ce ke aman yanzu.

Sabo ɗan Baba Ɗanlami: Baba ya ce yanzu ya yarda sun ga hawa. Ya ce maganar farin dutsen ba ta ba shi mamaki ba, wani abokin aikinsa da ya yi haƙa a ƙasar Sakkwato ya taɓa nuna masa dutse da katantanwa a cikinsa, a wurin da babu ko tafki.

Malam Habu: Gaya wa Baba akwai wanda ya fi wannan. A ƙarshen shekarun 1990 wani jirgin bincike ya je ya yi haƙa irin ta burtsatse a kan wancan tudun na ƙarƙashin teku. Suka zaro dutse daga can ƙasa, sai ga gawayi da gutsattsarin itace a ciki. Wato akwai lokacin da tudun yake sama da ruwa har da daji a kansa, daga baya ya huce ya nutse. Yau a Heard ko bishiya ɗaya babu.

Alaramma Sule: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Maganar launin duwatsu ta tuna min da ayar Suratu Faɗir, inda Allah ya ambaci cewa a cikin duwatsu akwai hanyoyi farare da jajaye masu launi daban daban da baƙaƙe ƙirin, kuma a ayar da ke biye ya ce masu ilimi ne ke tsoronsa a cikin bayinsa. Don haka ni ban ga laifin wannan bincike ba. Inda nake da tambaya shi ne waɗannan miliyoyin da kuke ta kira. Rabi, wa ya ƙirga? Mutum bai san shekarun kakansa na bakwai ba, ya zai san na dutse?

Rabi: Allah ya gafarta Malam, tambaya ce mai kyau, ni ma na yi ta a aji. Ba ƙirga ba ne, awo ne. Ka san harafin K da ke jikin buhun takin NPK, fotashiyam kenan, kuma yana cikin yawancin duwatsun wuta. Wani ɗan kaso nasa yana rikiɗewa da kansa ya koma wata iska da ake kira argon, a kan mizani ɗaya da zafi ko sanyi ba sa canza shi. Rabinsa kan rikiɗe a cikin shekara biliyan 1 da miliyan 250. Muddin dutse na narke, iskar tana gudu ta fita. Ranar da ya daskare ƙofa ta rufe, ta fara taruwa a ciki. Kamar tulu mai yoyo ne da aka tara masa kwano. In ka san yawan ɗigon a awa, ka ga abin da ke kwanon, za ka faɗi tun yaushe aka ajiye shi. Akwai kuskure a ciki, shi ya sa kullum ake cewa wajen kaza, ba a cewa ranar kaza.

Alaramma Sule: To in dai awo ne da ake iya maimaitawa wani ma ya samu abin da na farko ya samu, na fahimta. Sanin haƙiƙa na Allah ne.

Rabi: Haka ne Malam.

Nura mai caji: Ni fa har yanzu akwai abin da ke cin raina. Kun ce ba kowa a wurin. To wa yake ganin aman? Wa ya rubuta tarihin?

Malam Habu: Nura ka taɓo inda nake so a zo. Tarihin aman Heard da ke rubuce, in ka duba shi da kyau, tarihin ranakun da wani ya wuce ne kuma gajimare ya buɗe. Ba a ma san da tsibirin a taswira ba sai 1853, da wani kyaftin Ba'amurke, John Heard, ya hango shi a hanyarsa daga Boston zuwa Melbourne. Daga 1855 mafarauta suka cika wurin, suna kashe wata babbar dabbar teku mai kitse, mai kama da ayu amma ta ninka shi girma, suna soya kitsen su cika ganguna da mai na fitila. Kafin 1880 sun kusa ƙarar da dabbobin, suka watse. Mutanen nan neman kuɗi ya kai su, ba kallon sama ba, kuma ƙololuwar a rufe take da gajimare mafi yawan shekara. Sai a 1910 wani jirgi da ke wucewa ya ba da labarin hayaƙi na tashi daga saman dutsen. Aka sake yin shiru. Da Ostireliya ta kafa sansanin bincike a wurin daga 1947 zuwa 1955, sai ga rahotannin tururi da jan haske da dare a farkon shekarun 1950. Suna tashi, shiru ya dawo na shekara 30. A watan Janairun 1985 mutanen wani jirgin Faransa mai suna Marion Dufresne suka ga wuta na gangarowa da dare. To ka tambayi kanka, dutsen ne ya yi barci tsakanin 1955 da 1985, ko idon ne babu?

Daga wajen shekarar 2000, da taurarin ɗan'adam masu jin zafi suka yawaita, sai ya zama kusan kullum ana samun alama. An ga aiki a 2000 da 2001, an gani daga 2003 zuwa 2008, kuma tun 2012 kusan bai huta ba. A farkon 2016 jirgin binciken Ostireliya mai suna Investigator yana kusa, sama ta washe, suka ɗauki hotonsa yana aman da idonsu. Wanda ya kalli jerin shekarun nan ba tunani zai ce dutsen ya ƙara zafi ne a zamaninmu. Ni ban yarda a yi saurin faɗin haka ba. Mu ne muka samu ido.

Lami nas: Wannan kamar aikinmu ne. Ƙauyen da babu asibiti takarda za ta nuna babu mai ciwon suga, ranar da aka kai na'urar gwaji sai a ce cuta ta ɓarke.

Malam Habu: Daidai Hajiya. Amma McDonald daban ne, nan kam sabon abu ne ya faru da gaske. Ɗan ƙaramin tsibiri ne wajen kilomita 44 yamma da Heard. An kiyasta ya yi shekara 75,000 bai motsa ba. A 1992 sai aka ga wani irin dutse mai huhu, mara nauyi, ruwa ya kawo shi gaɓar Heard.

Rabi: Irin dutsen goge kaushi ne Gwaggo Lami, mai ƙananan ramuka. Kumfar narkakken dutse ce da ta daskare da iska a cikinta, shi ya sa take yawo a kan ruwa. Da aka auna sinadarinsa sai aka ga na McDonald ne ba na Big Ben ba, don na McDonald mai kauri ne kamar tuwo, na Big Ben ya fi ruwa ruwa kamar kunu. Zuwa 2001 hotunan sama suka nuna tsibirin ya ninka girmansa, daga wajen murabba'in kilomita 1 zuwa kusan 2 da rabi, har ya haɗe da wani ɗan tsibiri da ke gefensa. Sabuwar ƙasa ta fito a cikin shekara 10, ba wanda ya tsaya a wurin ya gani.

Injiniya Bala: Na shigo a makare. Na karanta cewa ƙanƙarar Heard tana ja da baya, kuma ana ɗora laifin a kan ɗumamar yanayi. Ni wannan ban gamsu ba. Dutse yana aman wuta tun 2012, ƙanƙarar da ke kansa ta ragu, sai a ce hayaƙin motoci ne? Mai murhu a ɗaki ba ya zargin rana in man shanunsa ya narke.

Malam Habu: Injiniya ba a ƙi ta taka ba, inda wutar ta bi dole ta ci ƙanƙara. Amma dubi wurin da aka fi asara. Wutar tana sama ne, tana zuba kudu maso yamma. Kogunan ƙanƙara kuwa, wato tarin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga saman dutsen zuwa teku, waɗanda suka fi ja da baya na gabas ne, irin su Brown da Stephenson, da na hancin Laurens wanda ke nesa da bakin wutar. Kuma daga ƙasa suke cinyewa, ta bakin teku, ba daga sama ba. Inda Stephenson yake kwance a hotunan 1947 yanzu tafki ne. Kuma ja da bayan ya faro tun kafin 2012 da shekaru masu yawa.

Injiniya Bala: Zafin ƙarƙashin ƙasa fa? Ba lallai sai an ga wuta a sama ba. Ƙasan duk tsibirin na iya ɗumi.

Rabi: Yaya Bala, zai iya taimakawa a wasu wurare. Amma a tsibiran Kerguelen, inda babu dutsen da ke aman wuta yanzu, babbar ƙanƙararsu ita ma tana raguwa a daidai wannan zamanin. In murhu ne sanadi, me ya narkar da ta ɗakin da babu murhu?

Injiniya Bala: Wannan hujja ce. Ban sauka gaba ɗaya ba, ina ganin biyun suna aiki tare, amma zan sake dubawa.

Kawu Isa: Ni yanzu tsoro kuka sa min. Duwatsun nan da ke bayan gonata ta hanyar Fagam, wata rana ba za su tashi ba?

Malam Habu: Kwantar da hankalinka Kawu. Amma ka san wani abu? Sun taɓa tashi. Wannan shi ne abin da nake so yaranmu su sani. Duwatsun Dutse, Shira, Fagam, Ningi, Riruwai har Jos, saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne. Abin da ke faruwa a Heard yau ya faru a nan ƙasar tamu, iri ɗaya sak.

Rabi: Malam ka yi haƙuri, a nan zan ɗan saɓa maka. Sun yi aman wuta, gaskiya ne, amma ba iri ɗaya sak ba. Na Heard baƙin dutse ne da ya fito ta ƙasan teku. Namu ya ratso ta cikin tsohuwar ƙasa mai kauri, ya narkar da wani ɓangarenta, sai ya zama mai haske mai kauri, irin wanda ke fashewa da ƙarfi ya watsa toka har saman dutsen ya rufta ciki ya bar zobe. Shi ya sa in ka kalli Riruwai a taswirar sama za ka ga duwatsun sun yi da'ira. Abin da muke gani yanzu yawanci cikin tukunyar ne, wanda ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa har ƙwayoyinsa suka yi manya, iska da ruwa suka kwashe abin da ke samansa. Na Dutse sun haura shekara miliyan 200, na Riruwai wajen miliyan 170, kuma in kana yin kudu suna ƙara yarinta. In ana neman ɗan'uwan Heard a Najeriya, sai dai baƙaƙen duwatsun Biu da tafkin Tila, ko na Kerang da Panyam a Filato, inda ƙasar ke ba da dankalin Turawa.

Malam Habu: Na karɓi gyara, kuma na ji daɗinsa. Zan gyara yadda nake faɗa a aji.

Garba Riruwai: Allahu akbar. Na yi shekara 6 ina wankin kuza a Riruwai, kullum ina cikin wannan zoben, ban san cikin bakin dutsen wuta nake ba. Akwai wani dutse a can saman tudu, mai santsi, ba shi da ƙwaya irin na ƙasa, wani da zane zane kamar an ja tsintsiya a kan kunu. Muna cewa dai dutsen banza ne tunda ba kuza a ciki.

Rabi: Baffa Garba wannan da ka kira na banza shi ne wanda ya fito sama ya huce da sauri, shi ne shaidar aman. Kuzar kuma ruwan zafi ne da ya rage a ƙarshen dahuwar ya bi tsagogin dutse ya ajiye ta. Ba don wutar ba da babu kuzar.

Kawu Isa: To ba za ta dawo ba dai ko?

Rabi: Murhun nan ya mutu tun tuni Kawu, ka yi nomanka. Mai rai mafi kusa da mu yana Kamaru. Dutsen Kamaru ya yi aman a 1999 da 2000.

Lami nas: Kamaru kam ba a mantawa. Tafkin Nyos, Agustan 1986. Ba wuta ba ce ma, iska ce ta taso daga ƙasan tafkin da dare ta bi kwari, mutum sama da 1,700 suka kwanta ba su tashi ba, da shanun Fulani dubbai. Wata da muka yi karatu tare 'yar Mambila ce, ta ce har garinsu labarin ya girgiza mutane don ba nisa. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu.

Alaramma Sule: Amin.

Nura mai caji: Amin. To Malam na janye maganar kwamfuta. Yaron da ya nuna min hoton ɗan ajinka ne ma, gobe zan ce ya same ka.

Malam Habu: Turo shi. Garba, in kana da wanda zai zo daga Riruwai, a taimaka min da gutsure biyu, mai santsin nan na saman tudu da mai ƙwaya na ƙasa. Ina so in ajiye su a kan tebur yara su taɓa da hannunsu.

Garba Riruwai: Ƙanena zai zo suna mako mai zuwa, zan sa ya hau ya ɗebo.

Sabo ɗan Baba Ɗanlami: Baba ya ce shi ma yana da rijiyar da yake haƙa yanzu a bayan gari, ya kai gaba tara. Zai ɗebi kowane hawa ya ƙulla a leda daban, daga jar ƙasa har inda diga ta tsaya. Ya ce amma sai Rabi ta zo hutu ta gaya masa shekarun na ƙasan.

Rabi: In sha Allahu Baba. Sabo ka rubuta zurfin kowace leda a jikinta kafin a ƙulle, kada su cakuɗe.